Yaron da Na'ura Ta Zaɓa Mini

Lokacin da muke samari a Kazaure, babu wanda ya taɓa zaunar da ni ya tambaye ni abin da ke damuna. Mahaifina ko sunana ba ya kamawa, don ni ne ɗan fari. In yana son in daina wani abu, sai ya gaya wa kawuna, kawuna ya same ni a gona muna cirar gyaɗa, ya ɗauko labarin ɗan wani gida da ya lalace, ni kuma in gane da ni ake. Ubangidana da ya koya mini fataucin fatu, shekara bakwai ina bin sa tsakanin Damagaram da Kano, ban tuna ranar da ya yi mini nasiha da baki ba. Kallonsa nake yi, in yi yadda ya yi. Yanzu kuwa an ce sai an zauna, babba da yaro, an fuskanci juna, an yi hira ta awa guda, sannan a cike takarda. Ban ce na da ya fi na yanzu ba. Na san sa'annina da shirun nan na da ya cinye su. Abin da zan ba da labari dai shi ne yadda na shiga na yanzun da ƙafar dama, na fito ban san ko gyara na yi ko ɓarna ba.

Na daɗe ba na gida. Fatu sun kai ni Yamai da Kumasi da Duwala, daga baya na zauna a Hartum da Jidda ina yi wa 'yan kasuwa tafinta. Fulatanci na sha shi a nono, Larabci da Faransanci da Turanci kuwa hanya ce ta koya mini. Da ƙarfi ya fara ja baya na tattaro na dawo Kazaure. Na tarar da duwatsun suna nan inda na bar su, amma mutanen, in ban da tsofaffi, sai an gaya mini ɗan wane ne wannan, jikar wance ce waccan.

Ban cika shekara da dawowa ba wata malamar jami'a ta yi sallama a zaurena. 'Yar Babura ce, tana karatun digirinta na ƙarshe. Ta ce tana bincike ne a kan ko matashi yana samun lafiyar jiki da kwanciyar hankali in an haɗa shi da wani dattijo da zai riƙa zama da shi duk mako, yana sauraronsa, yana ba shi shawara. Ta tattara samari daga Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, tana neman dattawa.

Na ce, "'Yata, wannan ai abin da kawunnai ke yi ne tun ba a haife ki ba. Shi ne sai an je jami'a?"

Ta yi dariya ta ce, "Baba, kawunnan yanzu suna Legas suna gadi. Kuma ko suna nan, ba wanda ya taɓa aunawa ya ga ko abin yana aiki."

"Da me za ki auna? Da mudu?"

"Da fom, Baba."

Ta nuna mini fom ɗin. Tambayoyi ne a kan barci, da cin abinci, da ciwon kai, da yawan tunani. Ta kuma ba ni wata takarda in sa hannu, wadda ta ce duk abin da yaron ya gaya mini ya tsaya tsakanina da shi, ban da in rai na cikin haɗari. Na sa hannu ban tsaya tunani ba. Tafinta ai da riƙe sirri yake cin abinci.

Na tambaye ta wane yaro za ta ba ni, don in bincika gidansu. Ta ce ba ita za ta zaɓa ba, kwamfuta ce za ta yi ƙuri'a, don kada son rai ya shiga. Na taɓa ganin irin wannan a Hartum wajen rabon rumfunan kasuwa, na kuma ga adalcinsa, don haka na yaba.

Ranar Talata da hantsi yaron ya zo. Ɗan acaɓa ne daga Roni, zai yi shekara ashirin da biyar, dogo, mai tsabta. Ya kafe babur ɗinsa can nesa da ƙofa, ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya durƙusa ya gaishe ni. Na nuna masa kujera, ya zauna a ƙasa. Na sauko tabarma don mu daidaita, ya ja da baya har ya jingina da bango. Na sa aka kawo fura, ya yi godiya, bai taɓa kwanon ba.

"Yaya aiki?"

"Da godiya, Baba."

"Barci fa? Kana samu?"

"Ina samu, Baba."

"Akwai abin da ke damunka?"

"Babu, Baba."

Haka muka cinye awa guda, idonsa na kan tabarma. Talata ta biyu haka, ta uku haka, har muka yi mako shida. Na gwada duk dabarar da na sani. A Kumasi na ga yadda manya ke buɗe bakin yaro da zolaya, na zolaye shi, ya yi murmushi ya ƙara sunkuyar da kai. A Sudan da shayi ake jawo magana, na dafa shayi da kaina, ya riƙe kofin har ya huce. Na ba shi labarin wautar da na tafka ina saurayi, ko ya ga ni ma mutum ne, sai na ga kamar na ƙara masa nauyi. Na yi tafinta tsakanin mutanen da ba su da kalma ɗaya ta tarayya, sun rabu suna dariya, ga shi ni da ɗan ƙasarmu, Hausa ɗaya, na kasa.

Na kai kuka wajen malamar. Ta duba fom ɗin da yake cikewa duk mako ta ce komai nasa lafiya, kuma a cikin samarin bincikenta duka shi ne bai taɓa fashi ba.

Na ce, "To ai shi ne abin da ya ɗaure mini kai. In ba ya so, me ke kawo shi? In yana so, me ya hana shi magana?"

Ta ce in ƙara haƙuri, wasu sai a hankali.

Sai na tuna direbobin manyan motoci da na yi tafiya da su. Direba in kun zauna a tasha ba ka jin komai daga bakinsa, amma da ya kama sitiyari, idonsa na kan hanya, sai ya ba ka labarin rayuwarsa kaf. Na ce bari in gwada. Talata ta gaba da ya zo na ce masa ina da saƙo a Gwiwa, ya kai ni. Na ga fuskarsa ta canza. Ya ce bari ya kira mini adaidaita sahu, babur bai dace da ni ba. Na ce na hau raƙumi, na hau jirgin ruwa, babur ba zai kashe ni ba. Bai iya yi mini gardama ba.

Dabarar ta ci, ko in ce na ɗauka ta ci. Da muka bar gari, gero ya yi tsayi hagu da dama, ya fara amsa mini da fiye da kalma biyu. Ya ce mahaifinsa ya rasu, shi ke riƙe da mahaifiyarsa. Ya ce babur ɗin nasa ne, da noman gyaɗa na damina biyu ya saya. Har ya yi dariya sau ɗaya. Ina bayansa ina jin daɗi, ina shirya yadda zan gaya wa malamar cewa ta sa a littafinta a daina zaunar da samari a zaure.

Ba mu kai Gwiwa ba ya rage gudu, ya gangara gefen hanya wajen wata tsamiya, ya ce da sauri, "Baba, sauka. Don Allah sauka." Ina sauka ya kafe babur, ya yi taku biyu, ya yanke jiki ya faɗi. Jikinsa ya sandare, sannan ya kama karkarwa, kumfa na fita ta bakinsa.

Farfaɗiya ce. Na san ta, don a Hartum na zauna ɗaki ɗaya da wani mai ita, likitansa kuma ya koya mana abin da za mu yi. Na cire hulata na tallafe kansa da ita, na ture duwatsun da ke kusa, da karkarwar ta lafa na juya shi ya kwanta a gefe. Wasu mata masu tallar nono suka tsaya daga nesa. Babbar cikinsu ta ɗaga murya da Fulatanci tana gaya wa 'yan'uwanta su ja baya, wai tsohon nan zai kwashi ciwon ta yawu. Na amsa mata da Fulatancin cewa ba a ɗauka, ta kawo mini ruwa in tana da shi. Ta ajiye gorar a ƙasa ta turo mini da ƙafa.

Da ya dawo hayyacinsa na taimaka masa ya zauna. Ya ce tun yana makarantar sakandare take zuwa masa, wani lokaci wata uku ba ta zo ba. Yana jin alamarta kafin ta zo, wani wari ne ke shigar masa hanci, shi ya sa yake samun tsayawa. Mahaifiyarsa kaɗai ta sani, tana ba shi rubutu da hayaƙi. Sai ya kama ƙafata.

"Baba, don girman Allah kada ka gaya wa Baba na Roni."

"Wane Baba na Roni?"

Ya ɗago ya dube ni, karo na farko tun da na san shi. "Ƙaninka, Baba. Ai ni ke neman 'yarsa."

Na zauna a kan saiwar tsamiyar. Ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya yana Roni, 'yarsa ta biyu malamar firamare ce, na kuma ji ana cewa ta sami miji, amma ban tambayi ko wane ne ba. A gidanmu, kamar sauran gidaje, uba ba ya ba da auren 'yarsa da kansa, wansa ko ƙaninsa ke zama waliyyi. Ni ne babba. Wato mako shida ke nan ina tsare surukina a zaure, ina tura masa fura, ina tambayarsa ko yana barci, ina ba shi labarin 'yan matan da na bi a Duwala.

Na tsayar da wani ɗan acaɓa ya samo mana adaidaita, muka bar babur a wani gida da ke bakin hanya. Da na isa gida na tambayi mai ɗakina ko ta san yaron nan shi ke neman 'yar ƙanena. Ta ajiye muciya ta dube ni.

"Au, Alhaji, da ba ka sani ba?"

"Ina zan sani?"

"Kai da ka iya harshe biyar! Duk unguwar nan an san kana gwada hankalin surukinka ne. Ana ta yabonka, wai ka zo da tsarin ƙasashen waje, kana binciken miji da takarda."

"Me ya hana ki gaya mini?"

"In gaya maka abin da kake yi da kanka?"

Ta yi ta dariya har da riƙe ciki. Sai ta lura hulata ta ɓaci, ta tambayi abin da ya faru. Na ce faɗuwa ta yi. Shi ne karo na farko da na ɓoye mata magana tun da na dawo.

Daga nan kaina ya kulle. A matsayin dattijon da aka haɗa da yaro, na sa hannu ba zan faɗa ba, ya kuma roƙe ni da Allah. A matsayin waliyyi kuwa, aikina ke nan in san irin wannan in faɗa. Na san mutanenmu: ana jin kalmar farfaɗiya auren ya mutu, babur ma ba mai sake hawa. Na kuma san ciwo ne mai magani, abokin ɗakina na Hartum ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, ya tsufa. In na yi shiru na ci amanar ƙanena, in na yi magana na ci ta yaron. Kwana uku ina juya wannan kafin in nemi malamar.

Ban faɗa mata ciwon ba da farko, dangantakar na faɗa. Ta dafe kai.

"Innalillahi. Baba, ni 'yar Babura ce, a gidanmu ko sunan suruki ba a faɗa. Na tambayi shekaru, na tambayi sana'a, na tambayi nisan gida, ban tambayi wannan ba. Kwamfuta ba ta san suruki ba, amma ni na sani."

Ta ce za ta canza masa dattijo. Na ce ai an makara, sannan na gaya mata sauran, don takardar ta yarda in sanar da ita in akwai haɗari. Ta ce dole ya ga likita, dole kuma ya ajiye babur, don yana ɗaukar mutane. Wannan za ta iya taimakawa a kai. Na ce maganar auren fa? Ta ce, "Baba, wannan babu shi a tsarin bincikena. Ban san amsarsa ba." Na ji daɗin gaskiyarta, amma ba ta rage mini komai ba.

Ran Juma'a bayan an sauko masallaci ƙanena ya zo daga Roni. Muka gaisa, ya gyara zama ya ce, "Yaya, mutanen yaron nan suna son a sa rana bayan kaka. Kai da ka zauna da shi, me ka gani?"

Na ce yaro ne mai ladabi. Gaskiya ce. Na ce yana riƙe da mahaifiyarsa. Ita ma gaskiya ce. Na ce amma a ɗan dakata mini.

"Akwai wani abu ne, Yaya?"

"A dakata dai."

Ya ce to, don ba ya musu da ni.

Talata yaron ya zo a kan babur ɗin. Na ce masa ba zan gaya wa kowa a dangi ba, amma ba zan ɗaura auren ba sai ya gaya wa yarinyar da bakinsa, kuma sai ya ajiye babur ya bi malamar zuwa asibiti. Ya daɗe yana murza gefen tabarma.

"Baba, a takardar an ce abin da na faɗa ba zai shafe ni ba."

"Ban faɗa wa danginta ba."

"Amma ka riƙe auren da shi."

Gaskiya ya faɗa. Na cika alkawarin a baki, amma na yi amfani da abin da na sani, kuma ban ga yadda mutum zai san abu ya yi kamar bai sani ba alhali shi ne waliyyin da zai ce na bayar.

Ya je asibiti, aka ɗora shi a kan magani. Ya ajiye babur. Bayan kwana biyu ya gaya wa yarinyar. Ni kuwa na zauna na shirya hujjoji don mahaifiyarta, na san daga can gardama za ta taso. Na tanadi labarin abokina na Hartum, na tanadi bayanin likita cewa ba a ɗauka ta yawu, har na nemi malamin da zai yi mata magana ta fuskar addini.

Yarinyar ce ta zo da kanta, da yamma bayan an tashi daga makaranta. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Baffa, na fasa."

Na fara karanto mata hujjojina. Ta bari na gama.

"Baffa, na san ba a ɗauka, muna da yara biyu masu ita a makarantarmu, ni nake riƙe su in ta tashi. Da ya gaya mini tun farko, wallahi da na aure shi. Shekara biyu kullum shi ke kai ni makaranta a bayan babur ɗin nan, wani lokaci da ɗan yayata a gaba. Ya san abin da zai iya faruwa, bai ce mini komai ba."

Na ce tsoro ne ya hana shi, tsoron ya rasa ta. Ta ce ta sani, ta kuma tausaya masa, amma ba za ta iya ba. Sannan ta tambaye ni, a hankali, yaushe na sani. Na lissafa mata. Kwana bakwai ne tsakanin faɗuwarsa a hanyar Gwiwa da ranar da na sa ya ajiye babur. A cikin kwanakin nan, ban da Asabar da Lahadi, kullum ya kai ta makaranta ya dawo da ita. Ina can ina auna amanar wannan da ta wancan, ban taɓa tambayar kaina wa yake ɗauka a bayansa ba.

Ta tashi ta yi mini sallama. Ƙanena ne ya zo washegari, bai ko zauna ba. Ya ce, "Yaya, ran Juma'ar nan da na zo, ka sani?" Na ce na sani. Ya ce, "To." Ya sa takalminsa.

Malamar ta gama aikinta bayan wasu watanni, ta zo yi mini godiya. Ta ce yaron yana cikin waɗanda abin ya fi amfana: ya sami magani, ciwon ya lafa, ya fara faɗin gaskiya a fom. Ta ce ta ƙara tambaya a kan dangantaka da surukuta kafin a yi ƙuri'a, don masu zuwa bayanta. Na tambaye ta ko akwai gurbi a fom ɗin da za a rubuta auren da ya mutu. Ta ce babu, amma za ta ambata a bayani. Na tambaye ta, da an haɗa shi da wani dattijon da ba ni ba, me zai faru? Ta ce wataƙila ya faɗa da wuri, wataƙila kuma ya yi ta ɓoyewa har ya faɗi da fasinja a tsakiyar titi. Ita ma ba ta sani ba.

Yaron yana nan a Roni, ya sayar da babur ya buɗe wurin gyaran babura, yana shan maganinsa. In mun haɗu yana gaishe ni da ladabi, ban san abin da ke ransa game da ni ba. Yarinyar ta auri wani bayan shekara guda, ƙaninmu na uku ne ya yi waliccin. Ni da ƙanena muna gaisawa, muna haɗuwa a suna da jana'iza, amma tun daga ranar bai sake kawo mini shawarar gidansa ba.